Birkin kanel, stalld ko ware zuciya: wanne ya dace da sabar ɗinka?

Sabar mai Linux ba ta mutuwa farat ɗaya idan yunwar zare ta kama ta, wato idan wani zare, guntun aikin da furosesa ke gudanarwa, ya daɗe a layi bai samu hawa ba. Tana nan a kunne, fankokinta na juyawa, ka aika mata ping ta amsa, amma ka ce ta adana fayil a faifai ko ta tayar da wata manhaja, sai umarnin ya tsaya cak. Bayan minti biyu kanel, wato tushen Linux mai juya injin, ya fara rubuta ƙorafi a dmesg, littafin saƙonninsa, cewa wani aiki ya maƙale sama da sakan 120, wani lokaci kuma wani ɓangaren kanel mai suna RCU ya yi kukan cewa wata zuciyar furosesa, wato core, ta daina amsa masa. Mai gadin buro zai ce aljanu ne, mai sayar da kayan gyara zai ce faifai ne ya tsufa, alhali injin lafiyarsa ƙalau.

Hanyoyi huɗu ake bi a magance wannan. Akwai tsohon birkin da kanel ke zuwa da shi, mai ɗan tsayar da aikin da ya mamaye zuciya, akwai ƙaramar hidimar nan mai suna stalld da mutanen Red Hat suka rubuta, akwai sabon tsarin da ya shigo kanel 6.12, sannan akwai ware zuciyoyi tare da sauke aikin daga kujerar fifiko. Ra'ayina tun daga farko shi ne yawancin masu sabar a nan Maradi, daga masu raba intanet a unguwa zuwa masu riƙe da lissafin ƴan kasuwa, ta huɗun ce maganinsu, kuma stalld kayan aiki ne na mutum ƙalilan. Amma sai an ga lissafin kowacce kafin a yarda da ni.

Inda yunwar take fitowa

Kowace zuciya ta furosesa zare ɗaya take iya gudanarwa a lokaci guda, sauran suna layi. Mai rabon lokaci na Linux ya kasa zaruruwa aji-aji. Talakawa suna ajin SCHED_OTHER, inda ake raba lokaci da adalci, da tsarin CFS a da, da EEVDF tun daga kanel 6.6 na shekarar 2023. A samansu akwai manya, wato SCHED_FIFO da SCHED_RR, masu lambar fifiko daga 1 zuwa 99. A saman manyan kuma akwai SCHED_DEADLINE, wanda ya shigo da kanel 3.14 a 2014. Dokar mai sauƙi ce kuma ba ta da tausayi: muddin babba yana da aiki, talaka ba ya taɓa zuciyar, ko da babban lambarsa 1 ce. Zaren FIFO ba a sauke shi sai ya sauka da kansa, ko wanda ya fi shi lamba ya zo.

Kamar famfon unguwa ne da ɗan garuwan wani babban mutum ya riƙe da izinin cewa ba mai tayar da shi sai ya cika. In garwa biyu ya zo da su, kowa zai samu ruwa kafin azahar. In kuwa rijiya yake ƙoƙarin cikawa, har mai wanke famfon da mai gyaran bututu sai su kwana a layi, kuma ranar da bututun ya toshe shi ma ruwansa ya yanke.

Masu gyaran bututun nan su ne zaruruwan kanel da aka ɗaure wa kowace zuciya: kworker, ksoftirqd da ƴan uwansu. Ba sa iya ƙaura zuwa wata zuciya, don aikin da ke hannunsu na wannan zuciyar ne. Wasu ayyukan kanel kuma suna buƙatar kowace zuciya ta yi ɗan nata guntun kafin a ce an gama. Shi ya sa zare ɗaya da ya mamaye zuciya ta uku yake iya tsayar da umarnin da ka buga a zuciya ta farko: naka yana jiran kworker na zuciya ta uku, shi kuma yana jiran babban da ba ya sauka.

Manhajojin da ba sa sauka an san su. Na gaba-gaba su ne masu tura fakitoci da DPDK, kayan aikin da ke ba manhaja damar karɓar fakitocin rezo kai tsaye ba tare da sun bi ta kanel ba, waɗanda ba sa jiran katin rezo ya kira su, leƙensa suke yi ba dare ba rana, zuciyar na nuna kashi 100 ko da fakiti ko ɗaya bai zo ba. Sai manhajojin rediyon tashoshin wayar salula da aka mayar cikin sabar, sai kuma kowace manhaja da aka ba fifiko ta faɗa cikin kuskuren zagaye marar ƙarewa.

Na taɓa tsayawa a wani ɗaki bayan shagon wani Alhaji mai raba intanet, sabar tana kan tebur kusa da batura, wani saurayi mai kula da ita yana ta zufa. Alhaji ya leƙo ya ce, "Kai yaro, mi ya samu injin ga? Mutane sun biya kuɗɗinsu suna ta kirana." Saurayin ya ce, "Alhaji, rezo na tahiya, lissahin masu biya ne ya ƙi buɗewa." Alhaji ya juyo gare ni: "To Mushe, ka ji. Ruwa na gudu, mai karɓar kuɗɗi ya yi barci." Muka buga ps -eLo tid,psr,cls,rtprio,comm, jerin ya fito, layuka kusan duka suna nuna TS, wato talakawa, sai layi biyu masu FF da lamba 99, ɗaya a zuciya ta biyu, ɗaya a ta uku. Wanda ya girka injin tun farko ya karanta a wani wuri cewa 99 ce ta fi sauri, ya kuma kashe birkin kanel don kada ya dame shi. Ba a canza faifai ba, ba a sayi komai ba. Umarnin chrt ya sauke zaruruwan biyu zuwa ajin talakawa, lissafin ya buɗe kafin shayin Alhaji ya huce.

Birkin da kanel ke zuwa da shi

A kanel da bai kai 6.12 ba, wanda bai taɓa komai ba yana da kariya tun asali. Lambobi biyu ne a /proc/sys/kernel: sched_rt_period_us mai 1000000 da sched_rt_runtime_us mai 950000. Ma'anarsu, cikin kowane sakan ɗaya manya suna da milisakan 950, ragowar 50 na talakawa ne. Idan babba ya cinye rabonsa sai a taka masa birki, kanel ya rubuta a dmesg cewa birkin ya kama. Aka sa -1 a lamba ta biyu, birkin ya tashi gaba ɗaya.

Alherinsa shi ne ba ya buƙatar girka komai, ba hidimar da za ta faɗi, ba fayil ɗin da za a manta. Ga sabar ɗin waya ta buro, ko ta rumbun bayanai, ko ta kyamarorin tsaro, ya wadatar. Murya a tsarin kiran waya na G.711 galibi ana aika ta a gutsuren milisakan 20, don haka tsayuwar milisakan 50 gutsure biyu da rabi ne. Kunne zai iya jin ɗan tsinkewa, amma kira ba zai yanke ba. Kuma birkin ba ya kamawa sai manhajar ta riƙe zuciya kusan sakan guda cur, abin da lafiyayyar manhajar waya ba ta yi. Mutanen Asterisk, manhajar sabar ɗin waya, ma sun san haɗarin tun tuni: idan aka tayar da ita da -p don ta samu fifiko, tana sakin wani ƙaramin aiki mai suna astcanary a ajin ƙasa, in ya daina motsi sai ta gane ta danne kowa, ta sauke kanta.

Aibinsa uku ne, kuma kowanne yana da nauyi a wurin da ya dace. Na farko girman tsayuwar. Layin gigabit 10 da ƙananan fakitoci masu bait 64 yana kawo miliyan 14.88 a sakan, wato cikin milisakan 50 fakiti 744,000 ne za su iso ba mai karɓa, alhali zoben karɓa na katin rezo, inda fakitoci ke jira, ƴan dubbai kaɗan yake ɗauka. Ko a gigabit 1 lissafin ya haura 74,000. Rediyon LTE kuwa yana aiki a gutsuren milisakan 1, na 5G sau da yawa rabin haka, to ka ga tsayuwar 50 ba ta da wurin zama. Na biyu, birkin makaho ne: yana tsayar da babba ko da babu talakan da ke jira, zuciyar ta zauna a banza. Na uku shi ne wanda ya fi ɓoyuwa. Birkin yana tsayar da ajin manya ne gaba ɗayansa, ba ya raba gardama tsakanin babba da babba. A kanel mai PREEMPT_RT, wato wanda aka gina don amsawa a kan lokaci ba jinkiri, zaruruwan da ke amsa kiran na'urori suna zaune a FIFO 50. Ka sa manhajarka a 80 a zuciya ɗaya da su, sun shiga yunwa ke nan, kuma milisakan 50 ɗin nan ba nasu ba ne.

Wasu suna rage tsawon zangon, su mayar da shi milisakan 10 da rabon 9.5, don tsayuwar ta zama ƙanana. Yana ɗan taimakawa, sai dai lissafin birkin yana bin bugun agogon kanel, wanda ke zuwa kowane milisakan 1 ko 4 gwargwadon yadda aka gina kanel ɗin, don haka ƙananan lambobi ba sa cika daidai. Ga shi kuma saitin na injin ne dukkansa, ba za ka ba zuciya ta uku nata daban ba.

Stalld, da abin da yake karɓa kafin ya ba ka

Daniel Bristot de Oliveira da Clark Williams na Red Hat ne suka fito da stalld a wajen 2020, saboda masu DPDK da masu rediyo da birki ya gagara yi musu aiki. Dabararsa ta bambanta. Ba ya taɓa babban. Yana zagayawa ne yana duba layin kowace zuciya, in ya ga zaren da ya shirya aiki amma ya daɗe bai samu hawa ba, sai ya ɗaga shi na ɗan lokaci zuwa SCHED_DEADLINE, ajin da ya fi FIFO 99 ma, ya ba shi ɗan mitsitsin lokaci, sannan ya mayar da shi inda ya ɗauko shi.

A dangin Red Hat, wato RHEL da Rocky da AlmaLinux da Fedora, girkawa layi biyu ne: dnf install stalld, sai systemctl enable --now stalld. Saitin yana /etc/sysconfig/stalld, kuma layuka biyar ne suke da muhimmanci. CLIST shi ne jerin zuciyoyin da za a sa wa ido. In ka bar shi fanko zai duba duka, amma gara ka rubuta waɗanda manyan ke zaune a kai kawai. THRESH shi ne sakan nawa zare zai yi yana jira kafin a ce yunwa ce; lambar da ke zuwa a ciki ta sha bamban tsakanin tsofaffin sigogi da sababbi, saboda haka buɗe naka ka gani da idonka. Sauran ukun su ne girman taimakon: BP zangon lokaci, nanosakan 1000000000, wato sakan ɗaya, BR rabon da zaren zai samu a kowane zango, nanosakan 20000, wato mikirosakan 20, BD tsawon ɗagawar, sakan 3.

A tsaya a kan waɗannan lambobin, don nan ne duk cinikin yake. Mikirosakan 20 a layin gigabit 10 fakiti kusan 300 ne, kuma zoben katin rezo zai riƙe su har manhajar ta dawo. Kwatanta da 744,000 na birki. Wannan ne ya sa masu rediyo suke son sa. Amma juya lissafin ta ɓangaren mai jin yunwar: a ɗagawa ɗaya ta sakan 3 abin da zai samu bai wuce mikirosakan 60 ba. Ga kworker mai ɗan guntun aiki ya isa. Ga manhaja ta gaske da ta ɓata hanya ta faɗa wannan zuciyar, wadda ke buƙatar milisakan ɗaya ko biyu, sai an ɗaga ta sau da yawa, kowane karo bayan ta sake jiran THRESH. Abin da birki zai gama cikin sakan ɗaya, stalld zai iya kai shi mintuna. Wato stalld ba ya sa zuciyar ta zama wurin zaman kowa, yana dai hana kanel shaƙewa ne. Wanda ya girka shi bai ware zuciyoyinsa ba, ya ɗauki rabin magani.

In ka ƙara BR zuwa mikirosakan 100 ko 200, masu yunwa za su gama da wuri, manhajarka kuma za ta ji tsayuwar. In ka rage THRESH, za a gano yunwa da wuri, amma ɗagawar za ta yawaita. Babu lambar da ta dace da kowa. Abin da ke yanke hukunci shi ne mikirosakan nawa aikinka zai iya ɗauke numfashi ba a yi asara ba, kuma wannan a takardun manhajar ko a gwaji ake samunsa. Iyaka dai THRESH ya zauna ƙasa da lokacin da kanel ke fara ƙorafin RCU, wanda a kanel na asali sakan 21 ne, a na Red Hat 60.

Yanzu ga abin da yake karɓa. Stalld ba ya zama tare da birki. Kanel ba ya yarda a mayar da zaren da aka ɗaure wa zuciya ɗaya zuwa SCHED_DEADLINE matuƙar ana lissafin rabo, kuma kworker ɗaurarre ne. Don haka idan hidimar ta tashi, sched_rt_runtime_us yana komawa -1. Daga wannan lokacin kariyarka ta bar cikin kanel ta koma hannun wata manhaja da ke iya faɗuwa, ko ta ƙi tashi bayan an sabunta injin, ko ita kanta ta faɗa zuciyar da babba ya mamaye ta shiga layin masu yunwa. Shi ya sa dole a tsare ta a zuciyoyin hidima, wato waɗanda manya ba sa zama a kai. Haka kuma stalld yana dogara da debugfs, tagar da ake leƙa cikin kanel ta ita: a nan yake karanta layin zuciyoyi, fayil ɗin da a da yake /proc/sched_debug ya koma /sys/kernel/debug/sched/debug tun kanel 5.13, a nan kuma yake kunna HRTICK, agogon kanel mai auna ƙananan lokuta, don mikirosakan 20 ɗin su zama 20 na gaske, ba sai bugun agogo ya zo ba. Karanta wannan fayil ɗin a injin mai zuciyoyi da yawa aiki ne mai nauyi, dalilin da ya sa sababbin sigogi suka zo da wata hanyar bibiya ta eBPF mai suna queue_track.

Akwai zaɓin AGGR, wanda ke ba kowace zuciya zaren sa ido nata. Yana gani da sauri, yana kuma cin furosesa. A tsohuwar sabar mai zuciya huɗu ko takwas, irin waɗanda ke shigo mana ta Katsina da Jibiya, ban ga dalilin kunna shi ba.

Wani amfanin stalld da ba a cika faɗa ba shi ne leƙen asiri. Da --log_only ba ya ɗaga kowa, yana dai rubuta sunan zaren da ya ji yunwa, da zuciyar, da sakan nawa. Ka bar shi haka na ƴan kwanaki, ka karanta da journalctl -u stalld, za ka san ko kana da matsalar ma tukuna, da kuma wane ne ke fama. Idan suna ɗaya ne ke ta dawowa, sau da yawa maganin shi ne a gano abin da ke tayar da shi a wannan zuciyar a kawar. A kula dai: in ta systemd, mai tayar da hidimomin injin, ka tayar da shi a wannan yanayin, duba sched_rt_runtime_us bayan ya tashi. In ka tarar da -1, to ba birki, ba mai ɗagawa, injin yana tsirara.

Abin da 6.12 ya canza

Kanel 6.12 ya fito a watan Nuwamba na 2024, shi ne wanda PREEMPT_RT ya shiga cikinsa bayan kusan shekara ashirin yana gefe. A cikinsa aka sauya tsohon birki da abin da ake kira fair server, aikin da Daniel Bristot ya yi ta fama da shi har ya rasu a watan Yunin wannan shekarar, bai ga fitowarsa ba. Dabarar stalld ce aka shigar cikin kanel: kowace zuciya tana da wakili a ajin SCHED_DEADLINE mai riƙe wa talakawa rabon milisakan 50 a sakan. Bambancinsa da birki shi ne ba ya motsi sai akwai talakan da ke jira kuma bai samu rabonsa ba, yana kuma jinkirtawa zuwa ƙarshen zangon ko babban zai sauka da kansa. In kworker ya gama cikin mikirosakan 30, babban ya koma nan take, ba a zaunar da zuciya a banza.

Ana saita shi zuciya-zuciya a /sys/kernel/debug/sched/fair_server, kowace da fayilolin runtime da period a nanosakan. Za ka iya barin zuciyoyin hidima yadda suke, ka matse na manyan. Abin da bai warware ba shi ne rikicin babba da babba. Wakilin talakawa ne kawai. Kuma in ba a matse shi ba, talakan da ke da aiki mai yawa zai iya cin milisakan 50 ɗin duka, mu koma lissafin 744,000.

Tambayar ita ce wane kanel ke injinka, uname -r zai faɗa maka. RHEL 8 yana kan 4.18, RHEL 9 kan 5.14, RHEL 10 kan 6.12. Debian 12 yana da 6.1, Debian 13 da ya fito a 2025 yana da 6.12. Ubuntu 22.04 ya zo da 5.15, 24.04 da 6.8. Mai girka sabuwar sabar yau, in manhajarsa ta yarda, ɗaukar sigar Linux da ke da 6.12 ko sama ya rage masa rabin wannan ciwon kan ba tare da ya girka komai ba.

Ware zuciya, a sauke fifikon

Fifiko yana da amfani ne inda ake gasa. Idan ka kori kowa daga zuciya ta biyu da ta uku, ka bar manhajarka ita kaɗai, to da wa take gasa? Da kworker mai guntun aikin da in bai yi ba injin zai tsaya. A bar ta a SCHED_OTHER, za ta ci kusan zuciyar duka, kworker ya shigo ya yi nasa cikin ƙiftawar ido ya fita, yunwa ba ta da ƙofar shiga. Open vSwitch mai DPDK, manhajar haɗa rezo a cikin sabar, haka ake gudanar da zaruruwansa masu leƙe a wurare da yawa, a ajin talakawa kan zuciyoyin da aka ware.

Warewar ana yin ta da isolcpus da nohz_full da rcu_nocbs a layin tayar da kanel, da irqaffinity don kiran na'urori ya tafi zuciyoyin hidima. Wanda ba ya son haɗa su da hannu, manhajar daidaita injin mai suna tuned tana da tsarin cpu-partitioning: ka rubuta isolated_cores a /etc/tuned/cpu-partitioning-variables.conf, ka kunna tsarin, ka sake tayar da injin. A yi hattara da tsarin tuned mai suna realtime, don yana kashe birki da kansa. Mutane da yawa ta nan suka rasa kariya ba su sani ba.

Kuɗin wannan hanyar zuciyoyi ne. A sabar mai huɗu, ka ware biyu, biyu suka rage wa komai da komai. Zuciyar da ke leƙe ba hutu kuma tana cin kuran tana fitar da zafi, a garin da watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga gurup da batura na jiran nasu kason. Kafin a kai ga zaɓen maganin yunwa, ya kamata mai raba intanet da megabit ƴan ɗari ya tambayi kansa ko yana buƙatar DPDK ma. Hanyar rezo ta kanel ta yau da kullum tana ɗaukar wannan nauyin ba gumi.

To wa zai ɗauki wanne? Mai sabar ɗin buro, ko makaranta, ko asibiti, ko shago, ya bar birki ko wakilin 6.12 yadda ya same su, ya bincika da ps ko wani ya raba lambobin FIFO ba dalili, ya sauke su. Mai tura fakitoci da DPDK ya ware zuciyoyi, ya fara gwadawa a ajin talakawa; in fakitoci ba sa zubewa, ya gama. Wanda manhajarsa ta wajabta FIFO, mai sayar da ita ya rubuta haka a takarda, kuma kanel ɗinsa bai kai 6.12 ba, shi ne mutumin stalld, bayan warewa, ba a madadinta ba. In yana kan 6.12, ya fara da matse fair server a zuciyoyin da aka ware, ya nemi stalld idan masu yunwar su ma manya ne.

Akwai kuma tambayar da takardun Turai ba sa yi: wa zai zauna da injin? In wanda ya iya karanta journalctl yana Yamai, sama da kilomita 600 daga nan, kuma saurayin da ke wurin iyakarsa ya kashe ya kunna, to kariyar da ke cikin kanel ta fi wadda ke rataye a kan hidima, ko da ta fi ta tsada a milisakan.

Kowacce ka zaɓa, gwada ta kafin masu biya su gwada maka. A injin gwaji, ko da tsakar dare, ka ƙirƙiri babba na ƙarya a zuciya ta uku: timeout 300 taskset -c 3 chrt -f 1 sh -c 'while :; do :; done'. A wata tagar ka buga time taskset -c 3 date. Da birki ko da wakilin 6.12, kwanan watan zai fito cikin sakan ɗaya ko kusa da haka. Da stalld za ka jira THRESH ya cika, ka ga sunan zaren a journalctl, sannan ka ci gaba da jira. In ba ko ɗaya, ba abin da zai fito sai minti biyar ɗin timeout sun ƙare. Girman tsayuwar da ainihin manhajarka za ta ji kuma, cyclictest ko rtla osnoise ne za su auna maka shi a mikirosakan.

Daga nan sai ka kashe injin ka kunna, ka maimaita gwajin. Abin da aka rubuta da echo a /proc ko a debugfs ba ya tsallake ɗaukewar kuran. Lambobin birki wurinsu fayil ne a /etc/sysctl.d, na fair server suna buƙatar ƙaramar hidimar systemd da za ta sake rubuta su a kowace tashi, stalld kuma systemctl is-enabled stalld ne zai tabbatar maka zai tashi da kansa idan wuta ta dawo da ƙarfe uku na dare.